Tazarar fitila da tsayin tsiro a ɗakin reno

Aikinmu renon tsirrai ne a cikin ɗaki, ƙarƙashin fitila, sannan muna haɗa wa masu so irin wannan ɗaki tun daga kanta har wayar wuta. Tumatir, tattasai, barkono, latas, kabeji, duk suna bi ta hannunmu kafin su kai dashe. Ƙorafin da ya fi yawan zuwa mana kuwa guda ne: tsiro ya fito, ya miƙe dogo siriri, kwana kaɗan ya kwanta. Mai shi ya zargi iri, ya zargi taki, wani ma ya zargi ruwa. Mu da mun shiga ɗakin, sama muke fara kallo, domin mafi yawan lokuta laifin yana rataye ne a can, an ɗaga fitila ta yi nisa da ganye.

Tsiro ba ya zaman jiran haske, bin sa yake yi. Idan hasken da ke sauka kan ganyensa ya yi ƙaranci, sai ya zuba ɗan abincin da yake da shi wajen tsawaita kara don ya kai inda haske yake. Gaɓa da gaɓa su yi nisa da juna, kara ya sirance, ganye ya yi fari-fari, saiwa kuma ta tsaya baya. Wanda bai san aikin ba murna yake yi, wai shukarsa tana saurin girma, alhali yunwar haske ce take jan ta. Tsiron da muke alfahari da shi gajere ne, kakkaura, gaɓoɓinsa kusa-kusa, ganyensa kore shar. Ka shafa kansa da tafin hannu, ya lanƙwasa ya dawo tsaye nan take.

Abin da mutane suka fi raina shi ne yadda haske yake raguwa da nisa. Ga fitila mai ƙwai ɗaya, in ka ninka tazara sau biyu, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Wato fitilar da take santimita 30 daga ganye, in aka mai da ita santimita 60, kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta ya tafi. In aka kai ta santimita 90, ɗaya cikin tara ne ya rage. Faffaɗan allon LED mai ƙananan ƙwayaye da yawa ba ya faɗuwa da sauri haka, musamman a kusa, kuma bango fari yana dawo da wani abu daga hasken da ya kauce. Duk da haka, ɗagawar da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba tana iya sauya siffar tsiro cikin mako guda.

Shi ya sa ba ma yarda da ido. Idon mutum yana sabawa da kowane irin haske, ɗakin da kake gani fes yana iya zama duhu ga tumatir. Abin da ake aunawa shi ne PPFD, wato yawan hasken da ganye zai iya amfani da shi, mai tsawon zango (abin da ke bambanta launukan haske) daga nanomita 400 zuwa 700, wanda ke sauka kan murabba'in mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Ana ƙirga shi da maikuromol. Rana tsaka, sararin sama tangaran, tana ba da wajen 2,000. Sabon tsiro yana wadatuwa da 100 zuwa 300. In ya yi ganye huɗu ko shida na gaskiya muna kai shi 300 zuwa 500, mai fure da 'ya'ya kuma yana son abin da ya fi haka. Wanda ba shi da na'urar auna PPFD zai iya amfani da ta luks, wadda ke auna haske yadda idon mutum yake ganin sa, ya raba abin da ta nuna da wajen 65 ko 70 in fitilar farar LED ce. Wannan lissafi ba ya aiki ga fitilar nan mai launin shuɗi da ja, a nan na'urar luks ɓatar da kai za ta yi.

Awoyin da fitila take kunne su ma suna cikin lissafi. A ninka PPFD da adadin daƙiƙoƙin, a raba da miliyan ɗaya, a samu abin da tsiro ya sha a yini da ma'aunin mol, wato maikuromol miliyan ɗaya. Maikuromol 200 na awa 16 ya ba da mol 11.5, wanda ya ishi yawancin tsirrai a matakin reno. Latas da ta girma tana son 12 zuwa 17, tumatir mai 'ya'ya 20 zuwa 30. Amma kada a ce za a rufe giɓin fitila mai nisa da barin ta kunne dare da rana. Tumatir musamman ba ya jure hasken da ba ya yankewa, ganyensa yakan yi dabbare-dabbaren rawaya.

To, a ina ake ratayewa? Doguwar fitilar T5, wato siririyar fitilar fuloresan, ba ta da zafi sosai, haskenta kuma ba mai ƙarfi ba ne, don haka kusa take zama, santimita 5 zuwa 15 daga kan tsiro. Allon LED mai jan wat 100 na gaskiya muna fara shi daga wajen santimita 50 zuwa 60 ga sabon tsiro, mu riƙa sauke shi a hankali zuwa 30 ko 40. Fitilar HPS, wato ta sodiyam mai haske ruwan lemo, mai wat 400 ko 600 tana fitar da zafi mai yawa, ba a kusantar da ita ƙasa da rabin mita, ga ƙananan tsirrai ma sai an ƙara. Waɗannan duk mafari ne, na'ura da tsiron kansa su ne masu yanke hukunci.

Na ce wat 100 na gaskiya da gangan, domin a nan ne ciwon kanmu yake. Kasuwa ta cika da fitilu masu rubutun wat 1,000 a jikin kwali, ka soka su a na'urar auna wuta ka tarar ɗari da 'yan kai suke ja. Mai saye ya karanta cewa babbar fitila ana rataye ta nesa, ya ɗaga jabun nan sama, tsirrai su miƙe kamar zare. Daga nan ya zo yana taya tamu da farashin waccan. Araha ba ta ado. LED mai kyau tana ba da maikuromol 2.5 zuwa 3 a kan kowane jul na wuta, wato abin da wat ɗaya yake ja a daƙiƙa ɗaya, kuma mai ƙera ta na kirki yana haɗo ta da taswirar da ke nuna ƙarfin haske a tsayi daban-daban, tsakiya da gefe. Fitilar da ba ta zo da wannan taswira ba, mu ba ta shiga ɗakin da muka haɗa sai mun auna ta da kanmu.

Kusantarwa fiye da kima ita ma tana da nata ɓarnar, sai dai ba a cika gane ta da wuri ba. Tsiro ya daskare a wuri ɗaya, gaɓoɓi su cunkushe, ganyen sama ya naɗe gefensa sama, ya koɗe ya yi fari ko rawaya yayin da na ƙasa yake kore. Da yawa suna ganin rawayar su ƙara taki, su haɗa masa ƙuna biyu. Bambancin a fili yake: ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, ƙunar haske kuwa daga saman da ya fi kusa da fitila. Ga zafi, a ajiye bayan hannu daidai kan ganye na rabin minti. In hannu bai ji daɗi ba, ganye ma haka. Amma wannan gwaji zafi kawai yake nunawa, LED tana iya koɗar da ganye hannu bai ji komai ba.

Shukar da ta fi jin jiki a wannan kuskure ita ce mai gajeren rai, wadda take yin fure da zarar kwanakinta sun cika ba tare da ta jira sauyin tsawon yini ba. Irin wannan ba ta da lokacin ramuwa. In ta miƙe a makonni biyu ko uku na farko, ko ta daskare saboda ƙuna, da wannan jikin za ta shiga fure, kuma amfanin zai nuna.

Ba tazara kaɗai ke sa tsawo ba, kuma mai aiki na gari yana duba sauran kafin ya taɓa igiyar fitila. Haske mai yawan shuɗi yana riƙe kara ya zauna gajere, mai yawan ja mai nisa, wanda ya wuce nanomita 700, yana sa shi miƙewa, domin tsiro yana ɗaukar sa alamar inuwar maƙwabci ce. Saboda haka cunkoso a tire yana sa tsawo ko da fitila tana daidai. Haka zafin yini in ya zarce na dare da yawa, haka takin naitirojin in ya yi yawa. Fanka mai kaɗa su a hankali, ko shafa kansu da hannu sau da yawa a yini, yana ƙara musu kauri.

Ga yaran da muke koya wa aiki, dokar ɗakin gajeriya ce. Daga kan ganye mafi tsawo ake awo, ba daga tire ba, kuma kullum da safe, tun da tsiro yana matsowa fitila da kansa. Ana kunna fitila tun ranar da iri ya fara fasa ƙasa, don kwana biyu a duhu ya isa ya ɓata shi. Ana matsar da fitila santimita 5 ne a lokaci guda, a jira kwana biyu ko uku a ga sabon ganye. Ana juya tire, na gefe ya dawo tsakiya. Gajerun tukwane a ɗora su kan wani abu har kawunan su daidaita. Kowace fitila tamu a kan igiya mai makulli take, ba a ɗaure da waya ba, kamar yadda masu kwaikwayon aikinmu suke kafe ta a rufi sau ɗaya su karɓi kuɗi su tafi. In fitilar tana da maɓallin rage ƙarfi, gara a bar ta a tsayin da haske ya bazu daidai ko'ina, a riƙa sarrafa ƙarfin da maɓallin.

Tsiron da ya riga ya miƙe ba ya komawa gajere. Tumatir yana da sauƙi, a binne karan har kusa da ganyen farko lokacin dashe, zai fitar da sabuwar saiwa a jikinsa. Tattasai da barkono ba su da wannan haƙuri sosai, kaɗan ake ƙara musu ƙasa a tallafe su da tsinke. Latas da ta kwanta kuwa ba ma ɓata lokaci a kanta, sabon iri muke zubawa mu sauke fitila tun daga ranar farko.