Shekara Huɗu Ina Karatun Girkanci da Latin

Ban nemi wannan fanni da kaina ba. Karatun lauya na cike a takardar JAMB, amma makina bai kai ba, sai aka ba ni gurbi a sashen Kilasiks na Jami'ar Ibadan, wato sashen da ake nazarin harsuna da adabi da tarihi da falsafar tsofaffin al'ummomin Girka da Rum. Sashen yana cikin waɗanda aka buɗe jami'ar da su a 1948, amma a gidanmu babu wanda ya taɓa jin sunansa. Da na yi wa kawuna bayani, sai ya ce, "To ɗana, idan ka gama, Rumawan ne za su ɗauke ka aiki?" Na karɓi gurbin da niyyar sauya sheƙa bayan shekara guda, kuma ban sauya ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne nahawu. Abokan karatuna sun sha wahala da suka tarar cewa ƙarshen suna a Latin yana canzawa gwargwadon aikinsa a jimla, har hali shida, a Girkanci kuma biyar. Ni da na taso da Ajurrumiyya, littafin nahawun Larabci, na san rafa'u da nasabu da jarru tun ina yaro, sai na ga ai li'irabi ne ya sake riga. Haruffan Girkanci 24 ma, da na ji alfa, beta, gamma, delta, kunnena ya jiyo abajada, domin jerin biyu tushensu ɗaya ne. Wannan sauƙi ya sa na yi sakaci, na faɗi gwajin farko na aikatau a Girkanci faɗuwa mai muni, saboda aikatau ɗaya yana da siffofi ɗaruruwa, kuma ba a cin su da wayo sai da hadda kullum, kamar yadda ake wanke allo.

A hutun shekara ta biyu ne abin da ya sauya mini tunani ya faru. Ina zaune a zaure ina bitar wani ɗan littafin mandiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, da Forfiri, masanin falsafa mutumin birnin Taya da ke Lebanon ta yau, ya rubuta da Girkanci a ƙarni na 3, mai suna Eisagoge, ma'ana gabatarwa. Mahaifina ya tambaye ni abin da nake karantawa, da na faɗi sunan sai ya ce in maimaita. Ya tashi ya buɗe gafakarsa, ya zaro wasu takardu da suka yi ja saboda tsufa, ya ce, "Isaguji kake nufi?" Littafin Abhari ne na ƙarni na 13, wanda ya gaji sunan da darasin daga wancan. Ya lissafa mini kulliyyai biyar da ka, wato hanyoyi biyar na siffanta abu a mandiƙi, jinsi da nau'i da fasali da hassa da arali, ni kuma ina bin su da yatsa a shafin Girkancin. Ya ƙara da cewa Ahalari, wanda kowane almajiri ya san littafinsa na fiƙihu, shi ne ya waƙe wannan ilimi a littafinsa Sullam. Na ce, "Baba, ashe abu ɗaya muke karantawa." Ya ce shi dai ya riga ni da shekara arba'in.

Daga nan na daina kallon fannin a matsayin kayan Turawa da aka ara mana. Ilimin Aristo masanin falsafa da Jalinusa likita ya bi ta Bagadaza, inda irin su Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, suka mayar da shi Larabci, kuma wani sashensa ya keto Sahara ya iso zaurukanmu tun kafin Bature ya zo. Dinari da dirhami da muke ambata a babin zakka asalinsu kuɗin Rum da na Girka ne. Afirka kanta tana cikin labarin: Sarkin Rum Sabtimiyus Seberus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, haifaffen Libiya ta yau ne, Agustin, babban malamin Kirista, kuma na Aljeriya. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya kawo labarin wasu samari biyar da suka ƙetare hamada har suka isa wani babban kogi mai kadoji da ke gudu daga yamma zuwa gabas. Shi ya ɗauka Nilu ne, wasu masana daga baya suka ce mai yiwuwa Neja ne.

Duk da haka, tambayar kawuna tana nan da ƙarfinta. Yawancin waɗanda muka gama tare sun koma koyarwa ko aikin jarida ko karatun lauya, ni kuma gyaran rubutu nake yi, aikin da yake cin moriyar ɗabi'ar tsayawa a kan jimla guda har sai ta ba da abin da ke cikinta. A ƙasashen waje ma fannin yana tangal-tangal. A 2021 Jami'ar Howard ta Amurka ta rushe sashenta na Kilasiks, a shekarar ce kuma Jami'ar Princeton ta cire sharaɗin koyon Girkanci ko Latin ga masu digiri a fannin. Na fahimci dalilinsu na buɗe ƙofa ga ɗaliban da ba su sami harsunan a sakandare ba, amma ban gamsu ba, domin da fassarar Turanci nake riƙe da ita a ranar nan, da mahaifina bai gane littafinsa a bakina ba.

Idan fannin zai rayu a nan, a Ibadan ko Legon da Cape Coast na Gana, ina ganin sai ya haɗa kai da sassan Larabci da tarihi, ya kuma nemo ɗaliban da suka fito daga makarantun zaure, waɗanda suka riga suka mallaki rabin kayan aikin. Yanzu haka ina fassara babin jinsi na Forfiri zuwa Hausa, kuma duk inda kalma ta gagare ni, sai in buga wa Baba waya bayan sallar isha'i, ya jawo gafaka.