Na gama horon aiki a ofishin jakadancinmu na Alƙahira

Alhamdulillah, yau na kammala horon sanin makamar aiki a ofishin jakadancin Najeriya da ke Zamalek. Masu cewa aikin jakadanci liyafa ce kawai, ku leƙo sashen kula da 'yan ƙasa ku sha mamaki. Ga ɗaliban Azhar masu sabunta fasfo, ga iyayenmu da suka zo jinya, ga wanda fasfonsa ya ɓace yana neman takardar komawa gida, hankalinsa a tashe. Tafinta na fi yi, kuma Larabcin aji ba ya fitar da kai a asibitocin Masar, sai ka iya na kasuwa. Ƙannena masu sha'awa, ku fara neman wasiƙar gabatarwa daga jami'arku tun kafin hutu.