Baƙin da ya fito daga ƙasa

Akwai wani ɗan tulun ƙarfe na saka furanni a kan teburina, tsawonsa bai wuce taki ɗaya ba. Baƙi ne wuluk, jikinsa kuma duk ganyaye ne da furanni na azurfa. Na daɗe ina zaton fenti ne, har ranar da karambani ya sa na ɗauko maganin goge ƙarfe na dirje gindinsa. Baƙin ya kama dusashewa, wani launi mai toka-toka ya leƙo. Nan da nan na janye hannu, amma aikin gama ya gama, tabon yana nan har yau.

Ɓarnar nan ce ta sa na shiga bincike. Ashe sunan aikin bidiri, daga garin Bidar da ke jihar Karnataka a kudancin Indiya. Sana'ar ta bunƙasa ne a zamanin sarakunan Bahmani, waɗanda suka kafa daularsu a 1347, fadarsu cike da malamai da masu sana'a daga Farisa, wato Iran ta yau. Shi ya sa zanen yake kama da na dardumar Iran, hannun da ya yi shi kuwa na Indiya ne.

Jikin tulun tutiya ce aka gauraya da ɗan jan ƙarfe, aka narka, aka yi zubi. Maƙeri zai gyara shi da magagari, ya zana furanninsa, sannan ya ɗauki siririn ƙarfe mai kaifi ya bi zanen yana haƙa 'yan ramuka kamar zare. A cikinsu yake kwantar da wayar azurfa, yana bi da ƙaramar guduma har ta zauna daram. In ka kai tulun kusa da taga ka juya shi a hankali, za ka ga inda hannunsa ya ɗan karkace, ganye ɗaya ya fi ɗan'uwansa kauri. Ni wannan karkacewar nake fara nema yanzu in na ga irin kayan nan.

Baƙin kuwa daga ƙasa yake. Ana ɗebo ta daga tsohuwar ganuwar Bidar, a lungunan da rana da ruwan sama ba su cika taɓawa ba, wasu maƙeran ma da harshe suke ɗanɗana ta kafin su yarda da ita. A kwaɓa ta da ruwa da sinadarin amoniyam kuloraid, a shafa wa tulun da zafinsa. Tutiyar ta koma baƙa ƙirin, azurfar ko gezau. Daga nan sai a murza mai.

Ba duk tulun da ake kira na Indiya da Farisa ne bidiri ba. A birnin Isfahan na Iran, tagulla ake cika wa ciki da kwalta don kada ta lotsa, sannan a sassaƙa ta, aikin da suke kira ƙalamzani, daga kalmar nan da ta ba mu alƙalami. Akwai kuma koftigari, inda ake kakkarce jikin ƙarfe a danna masa zinariya. Suna da kyau, amma ni bidiri ya fi kwanta min.

Nawa dai yanzu tsumma mai laushi kawai yake gani da ɗigon man kwakwa. Gefen tabon na juya shi yana kallon bango.