Aikin injekta da baƙin hayaƙin motocin gas a Jos

Sana'ata gyaran famfon injekta (mai tura mai zuwa inji) da nozul (bakin da ke fesa man cikin silinda) na injinan gas, wato dizal. Ina da ɗan shago a gefen titin Zariya a Jos, ni da yaran da ke koyon aiki. Tirela, tifa, janareta, duk ana kawo mana. Abin da direbobi suka fi roƙo kuwa shi ne: "Oga, a buɗe mata mai, ba ta ja a Hawan Kibo."

Buɗe mai, wato ƙara yawan man da famfo ke tura wa inji, ba wuya, daƙiƙa kaɗan ne. Amma mai ba ya ƙonewa sai da iska, kuma Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba. Famfon da aka saita a can ƙasa, idan ya hawo nan, musamman a injin da ba shi da tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), man ya riga ya fi ƙarfin iskar da ke shiga. Ka ƙara masa wani, sai ya dahu a cikin silinda bai ƙone ba, ya zama kunkunniya, ya fito ta salansa baƙi ƙirin. Kuɗin gas ne ke tashi sama. Shi ya sa kafin in taɓa famfo sai na duba matacin iska, domin ƙurar hunturu kaɗai takan toshe shi.

Inda aikin yake da gaske shi ne yadda man ke shiga da lokacin da yake shiga. Nozul mai lafiya feshi yake yi, kamar turare daga kwalba. Idan bakinsa ya ci, sai ya koma ɗiga, kuma ɗigo mai kauri bayansa ne kawai ke ƙonewa, cikinsa bai sami iska ba. Haka taimin, wato lokacin shigar mai: idan man ya makara, fistin ya riga ya fara sauka, wuta ta rage zafi, hayaƙi ya yawaita. Ka matso da shi gaba, hayaƙi ya ragu, amma inji ya fara buga ƙara, kuma tsananin zafin yana haifar da wata iskar guba wadda ido ba ya gani. Tsakanin waɗannan biyun muke nema, da ma'aunin da kamfanin injin ya bayar, ba da kunne kawai ba.

Sababbin injinan da ake kira kwaman rel, waɗanda duk injektocinsu ke shan mai daga bututu ɗaya, sun sauya mana sana'a. Kamfanin Denso ya sa tsarin a babbar motar Hino a 1995, kamfanin Bosch ya kawo shi ƙananan motoci a 1997. Matsin mai a cikinsu yakan kai 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kuma ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ce ke raba feshin kashi-kashi: ɗan kaɗan da farko don rage ƙara, sai babban, sai wani ɗan ƙarami a baya wanda ke taimakawa wajen cinye ragowar kunkunniyar tun tana cikin silinda. Wannan na ƙarshen yana burge ni ƙwarai, mai ne ake ƙarawa don a rage hayaƙi. Sai dai injekta irin wannan ba ta jure datti ko ruwa ko kaɗan, gas ɗin jarka na bakin titi yakan kashe ta cikin ɗan lokaci.

Lafiyar yarana ma tana damuna. Tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar daji. Don haka ba a tayar da inji a cikin shagona, sai a waje.

Direban da ya nace sai an buɗe masa mai, nakan ce: "Malam, bari mu gwada nozul ɗinka a gabanka tukuna." In ya ga yadda yake ɗiga, yawanci shi da kansa ke kiran maigidansa ya turo kuɗin sabo. Wanda ya ƙi, ina ba shi haƙuri ya nemi wani garejin.