Kwana goma a Paris, da kalanda a hannu

Tun watan Fabrairun 2025 muka fara shirin tafiyar da ba mu yi ba sai a Yuni, kuma ban ga mun yi gaggawa ba. Bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai da ita, ana iya nemanta tun saura wata shida a tashi. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Sun nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan banki, da fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za mu baro can. Wahalar tana wajen samun ranar ganawa, domin da bazarar Turai ta matso sai ranakun su yi wuya. Kwafin takardun nan duka na zuba su a jakar hannu, kuma sun yi rana, don jami'in shige da fice ya tambaye mu inda za mu sauka da ranar komawa.

Da na je yi wa Kawu sallama a Zariya, ya ce, "Ɗana, ka dubi ranar da za ka sauka kafin ka dubi kuɗin jirgi." Na amsa da "To, Kawu," amma araha na bi. Muka tashi daga Abuja da dare, bayan wajen awa shida muka sauka filin Charles de Gaulle da safiyar Juma'a. A nan na gane maganarsa. Akwai katin sufuri na mako mai suna Navigo, yuro 31.60 a 2025, wanda ke ɗaukar mutum a metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da bas da jirgin ƙasa na RER har filin jirgin sama. Sai dai makonsa daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, kuma daga Juma'a sun daina sayar da na makon da ake ciki. Dole ni da uwargida kowa ya biya yuro 13 zuwa tashar Gare du Nord da ke cikin gari, sannan muka yi kwana uku muna yankar tikiti ɗaiɗai a yuro 2.50. Ranar Litinin muka sayi na makon. Ana manna masa ɗan ƙaramin hoto, sa'armu ragowar hotunan biza na cikin jaka.

Kilishin da na ƙulla a matsayin guzuri bai shiga gari ba. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, ni kuwa ban bincika ba. Na bayyana shi da kaina, aka karɓe cikin mutunci. Abin ya yi mini ciwo, domin ƙanwata ce ta saya mana.

Abin da ya fi girgiza mu shi ne rana. A Yuni ba ta faɗuwa sai dab da ƙarfe goma na dare. Azahar na shiga kusan ƙarfe biyu, Lisha ta doshi sha biyu, Asuba kuma wajen ƙarfe huɗu. Daren farko uwargida ta leƙa taga ƙarfe tara ta ga gari tangaran, ta ce, "Maigida, anya agogon nan daidai yake?" Daidai yake, awa ɗaya kawai suka fi mu a wannan lokaci na shekara. Barcin da ke tsakanin Lisha da Asuba bai isa ba, ga yawon ƙafa da rana. Sai a kwana na uku muka gyara tsari: fita da hantsi, dawowa masauki mu yi ƙailula bayan Azahar, sake fita da La'asar sakaliya tunda haske na nan. Mai niyyar zuwa a Disamba kuwa akasin haka zai tarar, Magariba tun wajen ƙarfe biyar, ga sanyi mai ratsa ƙashi.

Juma'ar farko gajiya da neman masauki suka cinye ta. Ta biyu muka yi a Babban Masallacin Paris, kusa da tashar metro ta Place Monge a layi na 7. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Na daɗe zaune a farfajiyar bayan an sallame, ina kallon hasumiyar ina tunanin waɗannan bayin Allah da aka binne nesa da gida. A je da wuri, yana cika maƙil.

Wuraren kallo ma kowanne da ranar hutunsa. Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, fadar Versailles kuma Litinin. Mun yanki tikitin Louvre ta intanet tun muna gida, da rana da sa'a, shi ya raba mu da dogon layi. Hasumiyar Eiffel kam daga ƙasa muka kalle ta, tikitin hawa sun ƙare a ranakun da muke so.

Cimar gida a unguwar Château Rouge muka same ta, a layi na 4: kuɓewa, manja, doya, busasshen kifi, da mahauta masu naman halal. A gidajen abinci kuwa kalmomi uku na haddace don in kauce musu, porc da jambon da lardons, duk naman alade ne. Makewayinsu babu ruwan tsarki, shi ya sa ƙaramar gora ba ta rabuwa da jakarmu. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, cajar Najeriya ba ta shiga sai da adafta, amma mutanen Nijar ba su da wannan matsalar. A cikin metro jaka a gaba ake riƙe ta saboda 'yan sane. Kuma duk wanda za ka tambaya hanya ko farashi, fara masa da "Bonjour", kamar yadda ba a shiga gidan mutane a nan ba sallama.

Jirgin komawarmu na ranar Lahadi ne, ranar ƙarshe ta katin makon, don haka shi ya kai mu filin jirgi ba tare da mun ƙara ko sisi ba.