Ɗaukar kare a bayan a-kori-kura: inda haɗarin yake

Da kaka ta wuce aka shiga lokacin farauta, za ka riƙa cin karo da a-kori-kura da Hilux shaƙe da mafarauta, karnuka a tsaitsaye a bodi, wasu har sun ɗora ƙafafun gaba a gefe. Kare ba shi da hannun da zai riƙe ƙarfe, kuma farcensa ba ya kama bodi mai santsi. Birki ɗaya na gaggawa, ko kwana mai kaifi, ko rami a kwalta, sai ka gan shi a ƙasa. Idan mota na gudun kilomita 60 a awa, buguwar da zai yi da wani abu daidai take da faɗowa daga tsayin mita 14. Abin da likitan dabbobi kan tarar shi ne karayar cinya ko ƙugu, da fata da kwalta ta saɓule, in ma motar baya ba ta bi ta kansa ba.

Mutane da yawa na ganin ɗaure shi ya wadatar. Ɗaurin wuya da doguwar igiya ya ma fi sakinsa muni, domin in ya yi tsalle ko ya zame, igiyar za ta zarge shi a gefen mota, ko a riƙa jan sa a titi direba bai sani ba. In dole sai an ɗaure, a sa masa ɗamarar ƙirji, a ja igiya biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, gajeru yadda zai iya kwanciya da miƙewa amma ba zai kai gefe ba. Dokar jihar Kalifoniya ta Amurka ta amince da irin wannan ɗauri, ko keji, ko shinge mai tsayin inci 46, wato kusan santimita 117.

Keji dai shi ne mafita. Mai walda zai iya haɗa shi, girmansa yadda karen zai tsaya, ya juya, ya kwanta. A manna shi da kan mota, wato bayan wajen zaman direba, a ɗaure kusurwoyinsa huɗu, don kejin da ba a ɗaure ba shi ma fita zai yi.

Sai zafi, wanda aka fi rainawa. Ƙarfen bodi da ranar bazara kan ƙona tafin kare, saboda haka a shimfiɗa katako ko roba, a rufa tamfol a sama, a bar gefuna iska na shiga. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, kuma jikinsa na haura digiri 41 ransa na cikin haɗari. Duk awa biyu a tsaya a ba shi ruwa. In aka ga haki ya tsananta, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a cikinsa da hammatarsa, sannan a nufi asibitin dabbobi.