Tsohon tabon da ke ƙofar baya

Yau kwana tara ke nan da hatsarin, kuma sai yau jami'in da kamfanin inshora ya turo domin tantance ɓarnar ya samu zuwa gareji. Tun ranar da aka jawo motar aka ajiye ban yarda an kwance ko noti ɗaya ba, saboda takardar yarjejeniya ta faɗa ƙarara cewa duk gyaran da aka fara kafin jami'insu ya gani da idonsa suna da damar ƙin biyansa. Na riga na kai musu rahoton 'yan sanda, da hotunan da na ɗauka kafin a matsar da motocin daga kan hanya, da lambar motar ɗaya direban da bayanan inshorarsa. Jiran ya yi mini nauyi, domin Yaya ne yake kai yara makaranta kullum kafin ya wuce wurin aikinsa, kuma ko da yake bai taɓa nuna gajiya ba, ni na san nisan da yake ƙara wa kansa.

Da murnata na fita da safe, ina ganin yau dai za a fara aiki.

Na isa kafin jami'in ya zo, sai Oga, makanikena, ya ja ni gefe ya nuna mini ƙofar baya ta dama, wurin da na goga da ginshiƙi shekara biyu da suka wuce ina ƙoƙarin juyawa. Lotsawar ba ta kai faɗin tafin hannu ba, kuma ni kaina na daina ganinta saboda sabo. Ya rage murya ya ce, "Alhaji, tun da gefen nan ne aka buga, kuma dole a yi masa fenti, me zai hana mu saka wannan ma cikin ƙiyasi? Shekara nawa kana biyansu ba ka taɓa neman komai a wurinsu ba?" Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, domin shekarun da ya yi yana duba mini mota bai taɓa cutata ba, kuma a ganinsa taimakona yake yi. Ban ce masa e ba. Amma ban ce masa a'a ba. Cewa na yi, "Bari dai ya zo mu gani," kuma wannan amsar ce ta hana ni sakat tun daga lokacin har yanzu da nake rubutun nan.

Jami'in dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya fara da lambar shasi, ya karanta haruffa da alƙaluma 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da na takarda, ya rubuta nisan tafiyar da motar ta yi, sannan ya tambaye ni ta wane ɓangare aka shigo mini da kuma ko ina tafiya ne ko ina tsaye. Daga nan ya bi ɓarnar daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare, wato bamba, da fitilar dama, da gefen bonet da ya tashi, da lagireto da ya tsiyayar da ruwansa. Ya sa aka buɗe bonet ya ɗauko ma'auni, ya auna daga kusurwar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, ya ce idan awon biyu sun zo ɗaya to ƙashin motar bai goce ba. Sun zo ɗaya, na yi hamdala, domin abin da ya fi tsorata ni ke nan tun ranar farko. Motar da shasinta ya karkace, ko an miƙar da ita, takan riƙa cin taya ta gefe ɗaya tana jan sitiyari.

A kan taya muka yi doguwar magana. Tayar gaba ta dama ta tsage ta gefe, kuma tsagewar gefe ba ta ɗaukar faci. Ya durƙusa ya nuna mini alƙaluma huɗu da ke jikinta, ya ce biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe kuma shekara. Ya zura wani ɗan ma'auni cikin zanenta ya ce saura milimita 4, alhali sabuwa takan zo da kusan 8, saboda haka rabin kuɗin sabuwa kawai za su biya, ragowar ni zan cika. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni na buga ba, buga ni aka yi, kuma ba a sayar da rabin taya. Da ba a buge ni ba, da wannan tayar za ta ƙara mini shekara ban kashe komai ba." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce, amma abin da muka yi alkawari shi ne mu mayar da kai inda kake kafin hatsari. Tayar da ka rasa ta ci rabin rayuwarta, wadda za a saka maka kuma cikakkiya ce." Na gane hujjarsa, kuma na tuna na karanta wannan sharaɗin a takarda ban kula da shi ba. Duk da haka ina ganin lissafin ya fi daidai a kan takarda fiye da yadda yake a aljihun wanda za a ce ya nemo kuɗi yau saboda kuskuren wani. Ga kuma kason farko da yarjejeniya ta ɗora wa mai mota, wanda za a cire kafin su biya nasu.

Ina cikin wannan ɓacin ran ya zagayo ƙofar baya. A zuciyata, gaskiya, maganar Oga ta dawo mini da ƙarfi, har na ji kamar ƙofar za ta iya cike mini gurbin rabin tayar da aka hana ni. Ya tsaya, ya sa yatsa a cikin lotsawar, ya bi bakin fentin da ya ɗaye, inda tsatsa ta riga ta yi duhu ta shige ƙarƙashi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wannan fa, Malam?" Oga ya juya yana goge hannunsa da tsumma. Na ce, "Tsohuwa ce, ni na goga da ginshiƙi, ba ta cikin wannan hatsarin." Ya gyaɗa kai ya rubuta layi ɗaya, ya ce ya gani, amma ka'idar aikinsa ce ya tambaya ya rubuta amsar da aka ba shi. Ya ƙara da cewa abu ɗaya da aka cusa da gangan yana iya sa a soke neman diyyar gaba ɗaya, har da ɓarnar da take ta gaskiya. Bai faɗa da sigar gargaɗi ba, kuma bai sake kallon ƙofar ba.

Abin da yake damuna shi ne ban san dalilin da ya sa na faɗi gaskiya ba. Ina so in ce saboda gaskiya ce, amma na ga yatsansa a kan tsatsar kafin in buɗe baki, kuma na san tsatsa irin wannan ba ta kwana tara ba ce. Da ya wuce ƙofar bai lura ba, ko kuwa da Oga ya riga ya rubuta ta a ƙiyasi aka miƙo mini in sa hannu, shin da na tsayar da shi? Tun da safe aka ba ni damar in ce a'a a lokacin da ba wanda yake kallona, sai na ajiye maganar a buɗe. Duk wanda ya ce a bari a gani, akwai abin da yake jira ya gani, kuma ni na san abin da nake jira. Fom ɗin neman diyya da na cike makon jiya yana da wuri a ƙasa inda na sa hannu cewa duk abin da na faɗa gaskiya ne iya sanina, kuma a ranar ban ɗauki wannan layin a bakin komai ba.

Jami'in ya amince a fara kwancewa gobe. Ya ce idan an cire bamba aka ga wata ɓarna a ɓoye, kamar fanka ko bututun na'urar sanyaya mota, a tsaya a ɗauki hoto a aika musu ƙarin ƙiyasi kafin a sayi komai. Game da kason da zan biya, ya ce tun da rahoto ya ɗora laifin a kan ɗaya direban, kamfanin zai bi inshorar wancan ya karɓo abin da ya kashe, kuma a nan ne zan iya neman a mayar mini da nawa, sai dai hakan yakan ɗauki lokaci.

Da na ba Maman yara labari, ta ce ai na faɗi gaskiya, shi ke nan, in bar abin ya wuce. Na so a ce ya wuce ɗin.

Na kira Oga da yamma na ce ya rubuta mini kuɗin gyaran ƙofar baya a takarda daban, da rasit daban, ni zan biya idan hali ya yi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Alhaji, yadda ka ce." Ban yi masa maganar safiya ba, shi ma bai tayar da ita ba, kuma ƙarfe takwas zan koma garejin in tsaya a cire bambar a gabana.